Kifin da ya kwana ba sanyi: fashin baƙi kan histamin a tukunyar Zango

Ranar sunan 'yar ƙanwata a Aboabo da ke Kumasi, ba a kai la'asar ba aka fara neman wanda ya yi wa mutane asiri. An ci wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin nan namu, an ɗora wa kowa ko dai yankan nama ko soyayyen kifin nan da mu a Gana muke kira saman, alhali ba shi ba ne, makarel ne na cikin kwali. Kawu ne ya fara. Ya cire hula ya hau fifita da ita, ya ce fuskarsa kamar an kara shi a murhu. Can sai Goggo ta dafe kai, ta ce zuciyarta na dukan tara-tara. Mata biyu suka yi layi a ƙofar bayan gida. Kafin a ankara mutum bakwai ne, har da wani yaro da wuyansa ya yi rudu-rudu kamar an zane shi da tsumagiya. Wata tsohuwa ta ce ita dama tun safe ta ga wata baƙuwar fuska tana zagaya wurin girki.

Ma'aikaciyar jinyar da muka kai su wurinta ba ta tambayi baƙuwar fuska ba. Ta duba numfashinsu ɗaya bayan ɗaya, ta auna jini, sannan ta ce, "Kifi kuka ci?" Ta ba su Piriton, ƙwayar maganin ƙaiƙayi da atishawa, ta ce a zauna a gabanta a ga yadda za a yi. Kafin isha kowa ya koma gida da ƙafarsa, Kawu har yana tambayar ko an rage masa tuwo. Da muka bi diddigi sai muka ga duk wanda ya ci nama lafiyarsa lau, masu kifi ne kawai abin ya taɓa. An sayi kwalin kwana biyu kafin suna, wuta ta ɗauke cikin dare, kifin ya saki, da wuta ta dawo ya sake daskarewa, ba wanda ya kula. Mai girkin ta yi ta rantsuwa: "Yaya, wallahi na soya shi har ya yi ƙaras-ƙaras." Kuma gaskiya ta faɗa. Sai dai abin da ya kayar da mutanen nan, suya ba ta kashe shi.

Sunansa histamin. Ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam, kowa na yawo da nasa. Tun 1910 wasu masana biyu a Ingila, Henry Dale da Patrick Laidlaw, suka bayyana yadda yake aiki. Jiki na ajiye shi a cikin wasu ƙwayoyin tsaro da ke fata da hanci da huhu da hanji, kamar harsashi a ɗakin ajiya. In sauro ya cije ka wurin ya kumbura yana ƙaiƙayi, shi ne. In ƙurar hunturu ta shiga hanci aka hau atishawa da zubar hawaye, shi ne. Yana buɗe ƙananan hanyoyin jini don jami'an tsaron jiki su isa inda aka samu ɓarna da wuri. A tumbi shi ke ba da umarnin a zubo ruwan tsamin da ke narka abinci, shi ya sa wani tsohon maganin gyambon ciki, cimetidine, aikinsa kawai toshe masa ƙofa a can, kuma wanda ya jagoranci samar da shi, James Black, ya samu kyautar Nobel a 1988. A ƙwaƙwalwa kuma yana cikin masu hana mutum barci, abin da ya sa wanda ya sha Piriton yake gyangyaɗi a cikin trotro har ya wuce tasharsa.

To wanda ke shigowa ta baki fa? Kusan kullum muna cin kaɗan, ba ma sani ba, domin akwai mai gadi a bangon ƙaramin hanji, wani sinadari da likitoci ke kira DAO a taƙaice, wanda ke farfasa histamin kafin ya shiga jini. Akwai na biyu a cikin ƙwayoyin jiki, musamman hanta, mai share abin da ya kuɓuce. Matsala na tasowa ta hanya biyu. Ko dai kayan da suka iso ƙofa sun fi ƙarfin mai gadi ko da lafiyarsa ƙalau, kamar yadda ya faru a Aboabo, ko kuma mai gadin ne ya yi rauni har ɗan kaɗan ma ya gagare shi. Ta farkon tabbatacciya ce, an san ta ciki da bai. Ta biyun kuwa har yau likitoci na ja-in-ja a kanta, kuma a nan ne 'yan kasuwar intanet suka kafa rumfa.

Bari mu daɗe a kan kifi, don a nan nauyin maganar yake. Kifayen teku masu gudu da nisa, masu jan nama ko duhu-duhu a gefen ƙaya, jikinsu cike yake da wani sinadari mai suna histidin. Cikinsu akwai tuna, wanda a kasuwa ake ce wa opoku, da saman, da amane, da 'yan ƙananan nan da ake wa laƙabi da 'yan makarantar Keta. Histidin ba ya cutar da kowa, yana ma cikin abubuwan gina jiki. Amma da zarar kifi ya mutu, bakteriyar da ke zaune a cikinsa da fatarsa da wurin numfashinsa sai su bazu cikin naman, wasunsu kuma na da makamin da ke juya histidin ya koma histamin. Abin da suke bukata biyu ne, zafi da lokaci. A ƙasa da digiri 4 kusan barci suke. A zafin Kumasi na rana, da ke kai digiri 30 ko fiye, sa'o'i kaɗan sun ishe su.

Ga inda abin ya zama mugun wayo. Wuta na kashe bakteriya, amma histamin da suka riga suka ƙera ba ya jin wuta. A soya, a dafa, a yi banda, a rufe a gwangwani, a mayar firiza, yana nan daram. Kuma ba dole kifin ya yi wari ba. Hancin uwayenmu gwani ne wajen gano ruɓa, sai dai wannan ba ruɓar da hanci ke kamawa ba ce kullum. Alamar da wasu ke ji ita ce ɗan yaji-yaji ko ɗanɗanon ƙarfe a harshe, kamar kifin na tsikarar baki. Goggo ta ce ta ji hakan a lomar farko, ta ɗauka shito ne. Da wa za ta yi gardama? A abincin da barkono ya riga ya mamaye, wa zai bambance?

Akwai kuma abin da ke ruɗa mutane a wurin biki: a kwali ɗaya wani kifin na da shi jibge, na kusa da shi ba komai. A jikin babban kifi guda ma, yankin ciki na iya fin na wutsiya. Shi ya sa mutum biyu za su ci daga tire ɗaya, ɗaya ya kwanta ɗaya ya nemi ƙari, sai a ce ai an nufi wane ne.

Masana sun sa wa abin ma'auni. A 2012 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar lafiya ta duniya sun tara ƙwararru a Rum, suka tsaya a kan cewa lafiyayyen mutum na iya ɗaukar miligiram 50 a zama ɗaya ba tare da ya ji komai ba. Suka ƙiyasta babban rabon kifi a giram 250, lissafi ya ba da miligiram 200 a kowane kilo a matsayin iyaka. Dokar Tarayyar Turai ma a nan take yawo, tsakanin 100 da 200, kuma ita ce tunan gwangwanin da ake sarrafawa a Tema ke tsallakewa kafin ya shiga kantunansu. Kifin da ke kwantar da mutane yawanci ya haura 500, wani ma dubbai. Wanda za a kai Turai ana auna shi a ɗakin gwaji. Wanda za a kawo mana Zango, ma'auninsa ido da hanci da amanar mai sayarwa.

Mu a Kumasi teku ta yi mana nisa, tsakaninmu da Akra kimanin kilomita 250 ne, don haka kifinmu matafiyi ne. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan gaɓa ke yin sanyi amane ya yi yawa, jiragen kwale-kwale na sauke shi a Elmina da Chorkor da Tema fiye da yadda hannu zai iya gyarawa a take. Murhun bandar nan mai tire hawa-hawa da ake kira da sunan Chorkor, wanda aka ƙirƙiro wajen 1969 tare da matan garin, ya taimaka ƙwarai, don yana cin kifi da yawa a lokaci guda. Amma tambayar histamin ba ta murhu ba ce, ta sa'o'in da ke gabanin murhu ce: awa nawa kifin ya yi a cikin jirgi ba ƙanƙara, awa nawa ya yi a kwando a bakin ruwa ana ciniki. Wanda aka yi wa banda da wuri ya bushe sosai, bakteriya ba su da ruwan da za su yi aiki, zai iya zuwa har Bawku lafiya. Na kwali kuma amanarsa a hannun wutar lantarki take. Duk wanda ya rayu a shekarun dumsor, wato na yawan ɗauke wuta, ya san yadda firiza ke zama akwatin ruwa. In ka buɗe kwali ka ga kifin ya manne da juna cikin ƙanƙara mai ruwan jini-jini, ya taɓa narkewa ke nan.

Kifin ruwan daɗi mai farin nama, irin karfasa da tarwaɗa, ba shi da histidin mai yawa haka, don haka ba kasafai yake jawo wannan ba. Yana da nasa hanyoyin lalacewa, amma wannan wata magana ce.

Sai kayan ɗanɗano, inda mutane suka fi tsorata. Momoni kifi ne da aka bari da gangan ya fara sauyawa kafin gishiri ya tsayar da shi, ba mamaki a samu histamin mai yawa a wani. Amma nawa ake sawa? Mu ƙaddara wani momonin na ɗauke da miligiram 1,000 a kilo, wanda ya yi muni ƙwarai. Uwargida ta gutsuri giram 30 ta jefa a tukunyar mutum goma. Duka tukunyar ta samu miligiram 30, kowane kwano 3. Kwatanta da wanda ya zauna ya cinye rabin saman da ya kwana a zafi. Wannan lissafin ne jerin abincin da ake turawa a WhatsApp, wai a guje su saboda histamin, ba ya yi. Kobi daga karfasa ake yinsa, kuma gishiri ya kama shi da wuri. Shito ya dogara da busasshen kifi da jatan landen da aka daka a ciki, in asalinsu mai kyau ne shi ke nan, in ba haka ba doguwar suyar da ake masa ba za ta gyara ba.

Daddawa ma haka. Duk abin da aka bari ƙwayoyin halitta suka yi aiki a kansa, in yana da sinadarin gina jiki da yawa kamar kalwa, yana iya tara histamin da 'yan uwansa, kuma yawan ya bambanta daga hannu zuwa hannu. Amma ƙwallo ɗaya ake sawa a miyar kuka ta gida guda. Koko da dokunu da banku tsaminsu daga masara ko gero yake, hatsi kuwa ba shi da tarin histidin irin na kifin teku, don haka ban ga dalilin da mai lafiya zai bar kokon safe ba. Wagashi ɗanyen cuku ne da ake ci cikin kwanaki, ba ɗaya yake da cukun Turawa da ke watanni ko shekaru a ɗakin ajiya ba, wanda shi ne ke kan gaba a jerinsu tare da jan giya da tsiran alade. Rabin jerin nan ma ba abincinmu ba ne. Har na ga an fassara wani ganyen Turawa da alayyafo, alhali tsiro biyu ne daban, sai ga baiwar Allah ta daina miyar ganye saboda kuskuren mai fassara. Tumatir da gautan Turawa da paya na da ɗan histamin, gaskiya ne, amma kaɗan. Batun cewa lemo da abarba da ayaba na sa jiki ya saki nasa histamin kuwa, an fi maimaita shi fiye da yadda aka tabbatar da shi.

Wani wuri da ba a kula da shi: gwangwanin da aka buɗe. Tuna ko sadin na iya fitowa daga kamfani da tsabtarsa, a buɗe da asuba a teburin shayi, a ɗiba a sa a burodi, a bar saura a rana har hantsi, cokali na shiga yana fita. Sabbin bakteriya sun samu shiga, histidin na nan yana jiransu. Haka miyar kifin da ta kwana a kan murhu ana ɗumamawa safe da yamma. Ɗumame na hana ta tsami, ba ya goge abin da ya taru tsakanin ɗumame da ɗumame.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, masu cewa jikinsu ba ya jure histamin ko kaɗan. Akwai mutanen da ke fama da kumburin ciki, zawo, ciwon ɓarin kai, toshewar hanci ko ƙaiƙayi bayan cin abinci, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma ba ƙarya suke ba. Bayanin da ake bayarwa shi ne mai gadin hanjinsu ya yi rauni, ko ta gado ko saboda ciwon hanji. Akwai abin da ke goyon bayan wannan: mabiyiya na samar da DAO mai ɗimbin yawa, kuma wasu matan na cewa suna samun sauƙi in suna da juna biyu. Sai dai da aka gwada irin waɗannan mutane ta hanyar ba su histamin wata rana, wata rana kuma abin da ba komai a ciki, ba tare da sun san wanne ne wanne ba, da yawansu sun ji alamun a ranar da ba a ba su komai ba. Awon DAO a jini ma da ake tallatawa ba ya nuna abin da ke faruwa a hanji yadda za a dogara da shi. Ni a ganina, a ƙasar da tsutsar ciki da taifot da gyambon ciki da rashin jure madara suke ko'ina, wanda ya fara da zargin histamin ya fara daga ƙarshen layi.

In an kawar da waɗancan kuma zargin na nan, hanyar da likitocin fannin ke bi gajeriya ce. A rage manyan waɗanda ake zargi na kamar mako biyu, ana rubuta abin da aka ci da abin da aka ji, sannan a dawo da su ɗaya-ɗaya a ga iyakar da jiki ke ɗauka. Ba a ce a zauna a kan farar shinkafa har abada ba. Wata maƙwabciyarmu ta yi wata huɗu ba kifi, ba daddawa, ba tumatir, ba nono, ta rame har zobenta na zamewa, ciwon kan kuma bai tafi ba. Da ta je asibiti aka auna, hawan jini ne. A gidajen da amane ne naman da aljihu ke iya saye kullum, hana yaro ko mai shayarwa kifi ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai rukunin da ya kamata su yi hattara da gaske: masu shan maganin tarin tibi. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin, isoniazid, na danne mai gadin nan, har kifin da bai taɓa kowa a gidan ba ya sa su jan ido da ciwon kai da bugun zuciya. Wanda ya ga haka kada ya ajiye maganin, ya koma wurin da ake ba shi ya faɗa, ya kuma koma kifin ruwan daɗi ko wanda ya tabbatar sabo ne. Barasa ma na danne mai gadin, ga wanda ya jarrabtu. Masu asma da masu ciwon zuciya su ma abin na iya yi musu tsanani fiye da kowa.

Kada kuma a haɗa wannan da borin jinin da wasu ke yi wa kifi ko jatan lande ko gyaɗa, ko da yake a ido kamarsu ɗaya, tunda histamin ne ke aiki a duka biyun. A borin jini jikin mutum ne ke ɗaukar abincin a matsayin maƙiyi ya saki nasa histamin, komai sabuntar kifin, komai ƙanƙantar loma, kuma shi kaɗai zai kamu a wurin. A irin na Aboabo laifin na kifin ne, mutane da yawa ke kamuwa tare cikin 'yan mintuna zuwa awa ɗaya ko biyu, yawanci ya wuce kafin kwana guda, kuma gobe za su ci kifi mai kyau lafiya. Littattafai na cewa fuska da ƙirji na yin ja. A fatarmu jan ba ya fitowa sosai, sai dai ka ga ido ya kaɗa, ka taɓa goshi ka ji zafi, mutum ya ce fuskarsa na ci da wuta. Ko wanne ne dai, in leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya fara fito, ko mutum ya yi luuu zai faɗi, an wuce maganar Piriton da man ja da jiƙo. Wannan na allurar adrenalin ne, a nemi mota zuwa asibiti mafi kusa a lokacin.

Ƙanwata ta sake haihuwa bara. Wannan karon ranar sunan da asuba aka je kasuwar Asafo aka ɗauko kifin, ta sa aka buɗe kwalin a gabanta, ta ɗaga ɗaya ta ga ya rabu da ɗan uwansa ba tare da an fasa ƙanƙara ba, aka zuba a kula aka rufe da ƙanƙara har gida. Wanda ya rage bayan biki ba a bar shi a tire ba, an raba wa maƙwabta tun da rana. Kawu ya ci biyu. Goggo dai har yau nama take nema a wurin suna, kuma in aka tayar da zancen sai ta ce ita duk bayanin nan ta ji, amma wannan baƙuwar fuskar ba wanda ya gaya mata ko wace ce.